Abin da Hajja Ta Binne

Sulaimanu na durƙushe a gindin randa, ya zura hannu yana laluben yashin da ke ƙarƙashinta, amma ambulan ya ce ɗauke ni inda ka ajiye ni. Ya matsar da moɗa, ya ɗaga faifan da ke rufe da bakin randar, har cikin ruwan ya leƙa, sai ka ce takarda za ta yi tsalle ta faɗa ciki da kanta. Babu. Jiya da la'asar da hannunsa ya soke ambulan ɗin a nan, don a watan Afrilu duk faɗin gidan, kai duk faɗin Garwa ma, ba inda ya kai gindin randar mahaifiyarsa sanyi.

"Kaltumi," ya kira matarsa.

Kiran a bakinsa ya tsaya. Wata biyar ke nan muryarsa ta dushe, kullum tana ƙara shigewa ciki. Mutumin da shekara talatin da ɗoriya yake sayar da kilishi a bakin babbar kasuwa, wanda masu ƙarin gishiri ke cewa in ya ɗaga murya har masu wanki a bakin Binuwai sai sun waiwayo, yau shi ne ba ya iya kiran matarsa daga tsakar gida zuwa madafa. Ya tafa hannu sau biyu. Kaltumi ta fito tana goge hannu a zani, kuma tun daga yadda take kallon ƙasa ya san da magana.

"Ina ambulan?" ya ce da 'yar muryar da ta rage.

"Maigida, ka zauna tukuna."

"A durƙushe nake, ai ya fi zama. Ina ambulan?"

"Hajja ce ta gan shi da asuba, da ta zo ɗibar ruwan alwala. Ta buɗe, ta kira ni ta ce mene ne wannan. Ni kuma barci bai sake ni ba, sai na ce belun da aka cire maka ne a lopital."

"Sai me?"

"Sai ta ce to, ta tafi da shi. Da na fito daga wanka na tarar tana wanke fartanya."

Sulaimanu ya zauna daɓas a ƙasa ba tare da an sake roƙonsa ba.

Abin da ke cikin ambulan ɗin bai fi akwatin ashana ba. 'Yar farar roba ce da aka cika da kaki irin na kyandir, a tsakiyar kakin kuma ga wani ɗan tsinken nama da bai kai ƙwayar dawa ba. Namansa ne. Mako uku da suka wuce aka sa masa barci a asibiti, aka tsinko shi daga cikin maƙogwaronsa, aka duba, aka ce ciwon daji ne. Ranar da likita ta miƙa masa abin ya juya shi a tafin hannu, ya dube shi da idon mahauci, ya ce shi a rumfarsa ko kyanwa ya jefa wa wannan sai ta yi masa kallon raini.

Likitar, Dakta Gisèle, 'yar kudu ce, amma ta daɗe a Garwa har Fillanci ya zauna a bakinta, Hausa ma tana taɓawa. Da yarukan nan biyu da ɗan Faransancin da yake ji ta yi masa bayani. Ta ce a jikin ƙwayoyin naman mutum akwai wasu 'yan abubuwa kamar kunnuwa, aikinsu shi ne jin saƙon da jiki ke aikowa cewa a girma, a hayayyafa. Lafiyayyen nama daidai gwargwado gare shi, yana ji yana kuma tsayawa. Amma wani ciwon dajin yakan tara su fiye da kima, abu kaɗan sai ya ɗauka umarni ne, ya yi ta toho ba hutu. Ta rubuta masa sunan kunnuwan a bayan katinsa, haruffa huɗu, EGFR. A nan ba su da kayan aunawa, sai Yawunde. Can za a yanka kakin shara-shara, a zuba masa wani rini, duk inda kunnuwan suke ya yi ruwan ƙasa, a ga yawansu.

"Shara-shara kamar kilishi?" ya tambaye ta.

"Kilishinka a gefensa katifa ne, Baba."

Wannan magana ta yi masa ciwo fiye da allurar da aka yi masa, amma ya haɗiye. Ta ci gaba da cewa yawan kunnuwan ba shi kaɗai ke yanke hukunci ba, alama ce dai da ke nuna halin ciwon, ko mai gaggawa ne, ko mai son dawowa ne. Ranar Juma'a manyan likitoci za su zauna a Yawunde, zaman da sau ɗaya suke yi a wata. Za su haɗa sakamakon da hoton wuyansa su ga ko za a iya gasa ciwon da haske a haɗa da magani, a bar masa muryarsa, ko kuwa sai an cire akwatin muryar gaba ɗaya. Don haka lallai kakin ya bi motar ranar Litinin. Kada rana ta taɓa shi, kada a sa shi kusa da wuta, kada kuma wani mai wayo ya jefa shi cikin ƙanƙara.

Yau ce Litinin ɗin. Michel, direban da ke kai masa kilishi Yawunde duk mako, ya yi alkawarin riƙe ambulan ɗin a gaban mota inda na'urar sanyi ke bugawa. Mota za ta tashi ƙarfe biyu na rana. Duk abin da likita ta hana Sulaimanu ya kiyaye, bai dai zo mata a rai ta hana binnewa ba.

Laifin kuwa nasa ne, ya sani. Shi ya hana a gaya wa Hajja gaskiya, shi ya ƙirƙiro zancen belu, wai ɗan naman nan na cikin wuya da wanzamai ke cire wa jarirai ne ya sake tsirowa. Bai so tsohuwa ta shiga damuwa, bai kuma so maganar ta fita. Mai sayar da abin ci ne, kuma ya san mutanensa: ranar da aka ji sunan ciwon, ko an rantse musu da Alƙur'ani ba a ɗauka, rabinsu za su koma rumfar maƙwabcinsa Adoum. Abin da ya manta shi ne, a wurin Hajja Halime duk abin da ya fita daga jikin ɗan Adam haƙƙin ƙasa ne. Gashi, farce, cibiya, belu, ba ta taɓa bari shara ta kwashe ko ɗaya ba.

Tana can gindin tsamiya a kan buzunta, inda take zama tun yana yaro, tana tsinke ganyen yakuwa a faifai. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce, ta haura tamanin, idonta garau, bakinta ma garau, kunne ne kawai ya yi ritaya shekara bakwai da suka wuce. Ba ta jin komai sai an kafa baki a kunnenta na hagu an kwarara ihu. Ga wani ƙarin aiki kuma: Sulaimanu ɗan fari ne. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta dubansa ido cikin ido, ba ta yi masa magana kai tsaye in da wani a wurin. Kunyar ɗan fari ta riƙe ta da hannu biyu har ya yi furfura. Saboda haka duk hirar da za su yi sai Kaltumi ta tsaya a tsakani, kamar tafinta a kotu.

Ya durƙusa ya gaishe ta. Ta amsa wa tsamiya. Kaltumi ta sunkuya a kunnen hagu.

"Hajja! Abin nan na ɗazu! Ina kika sa shi?"

"Inda ake sa shi," in ji Hajja, ba ta daina tsinkar yakuwa ba.

"Ana so a mayar lopital!"

"Su yi me da shi? Miya?"

"Za su duba!"

"Ai sun duba kafin su yanke. In ba su duba ba suka yanke, to wannan ba likitoci ba ne, abokan sana'ar mutumin nan ne." Ta nuna Sulaimanu da haɓa ba tare da ta kalle shi ba. "Ki gaya masa na yi bismilla na rufe. Ba na tone abin da na rufe da bismilla. Naman mutum ba goro ba ne da za a yi ta yawo da shi a ambulan gari gari."

Daga bayan katanga ana jin daka, luguden Fatime matar Adoum. Katangar ba ta da wani tsawo, Fatime kuma Allah ya hore mata kunnen da ya karɓe wa Hajja, ya ƙara mata da baki. Sulaimanu ya yi wa Kaltumi alama ta rage murya. Kaltumi ta dube shi, irin kallon da ake yi wa wanda ya ce a dafa tuwo ba wuta.

"Ki ce mata ta taso mu shiga ɗaki," ya raɗa.

"Hajja! Ki zo ɗaki, akwai magana!"

"Ɗakin kwano da wannan rana? Kuma an ɗauke wutar kuran tun safe? Ku dai ku shiga, ni ban yi laifin komai ba."

Suka ja da baya suka yi shawara a bakin madafa. Sulaimanu ya ce tsakar gidan ai ba filin jirgi ba ce, sabon rami ba ya ɓuya, su duba da kansu. Amma tsohuwa ta riga su. Bayan ta gama aikinta ta share gidan tas daga zaure har bayan ɗakuna, ta yayyafa ruwa ko'ina, ƙasa ta kwanta lumui iri ɗaya. Ya ɗauki fartanya duk da haka, ya zaga bayan ɗakin Kaltumi inda ya ga kamar ƙasar ta fi duhu, ya fara sara. Bai yi sara biyar ba ya ji muryar Hajja daga gindin tsamiya.

"Kaltumi, ki gaya wa mai tonon nan cibiyar 'yarsa Khaula ce a nan. In ya tashe ta, shi zai yi mata bayani a gidan mijinta."

Ya matsa kusa da rijiya.

"Nan kuma askin sunan ɗansa Taufiƙ ne."

Ya koma gindin katanga.

"Belun ƙanensa na Marwa. Wannan na gaskiya ne, wanzami ya cire shi."

Sulaimanu ya jingine fartanya. Zufa ta jiƙa masa riga, numfashinsa na fita da wani ɗan fito da bai saba ji ba sai kwanan nan. Shekara hamsin da bakwai yana taka wannan tsakar gida, bai taɓa sanin a kan danginsa yake tafiya ba. Kowane taku da mai shi, kuma taswirar tana cikin kan tsohuwa ɗaya da ba ta da niyyar ba kowa aro.

Wajen sha ɗaya da rabi Kaltumi ta kira likita, don shi in ya yi magana a waya sai a ɗauka layi ne ba kyau. Ta shige lungun zaure, ta buɗe sautin yadda zai ji, ta yi bayani da Fillanci a hankali. Likita ta katse ta.

"Kika ce me? An binne?"

"An binne, Dakta."

Suka ji Dakta Gisèle na ƙoƙarin danne dariya, dariyar na ƙin dannuwa. Ta ce shekararta goma sha ɗaya tana ba mutane irin wannan kaki. Ta ga wanda ya bar shi a aljihun babur ya narke, ta ga wanda ya sa a firji kusa da kifin Lagdo, amma jana'iza yau ta fara gani. Ta tambaya ko yana cikin ledarsa. Kaltumi ta ce da ledar aka tafi da shi. A inuwa? Kaltumi ta ce sanin Hajja, ba za ta binne jinin gidan a rana ba.

"To in haka ne ba abin da zai same shi. Ƙila ma duk Garwa ba wanda ya adana nasa kamar ku." Sai muryarta ta sauya, dariyar ta tafi. "Amma Madam, ki saurare ni. Wannan ne kaɗai muke da shi, naman da muka samu ɗan kaɗan ne. In bai bi motar yau ba, zaman Juma'a ya wuce shi. In ya ɓace gaba ɗaya sai mun sake sa masa barci mun tsinko wani, mu sake jira. Wata guda ke nan ko fiye. Abin da na gani a wuyansa ba zai zauna yana jiranmu wata guda ba. Yanzu akwai zaɓi biyu a gaban likitoci. In an daɗe, ɗaya ne zai rage, kuma kin san wanne."

Kaltumi ta ce ta sani. Ta kashe wayar ta tsaya tana kallon mijinta. Tsoro ya kama Sulaimanu sosai, irin wanda bai ji ba ko ranar da aka faɗa masa sunan ciwon. A barandar asibiti ya taɓa ganin wani dattijo daga Bibémi da aka yi wa wancan aikin, da 'yar huda a gindin wuya an rufe da ƙyalle, yana yi wa matarsa magana da hannu tana ta kuskuren fahimta. Tun ranar bai ƙara bin ta wannan baranda ba.

"Bari in gwada da kaina," ya ce.

Ya je ya durƙusa daf da ita, kusancin da rabonsa da shi tun yana goye. Hajja ta ɗan karkata jiki, ta ƙura wa faifan yakuwa ido kamar yau ta fara ganin yakuwa. Ya kai baki kusa da kunnen hagu, ya tattaro duk abin da ya rage masa, ya ce, "Hajja, ba ni da lafiya." Abin da ya fito bai fi hucin tukunya ba. Ya sake. Tari ya sarƙe shi, ya juya gefe yana yi har hawaye suka zubo.

Hajja ta kai hannu ta sosa kunnen. "Kaltumi, wani abu na hura mini iska. Ki kawo wa mutumin nan ruwa."

Aka kira azahar. Ya yi salla a zaure, bai san me ya karanta ba. Yana sallamewa waya ta yi ƙara, Michel ne daga tashar mota. Kaltumi ta ɗauka.

"Madam, ina Alaji? Ana loda kaya fa. Kilishi ya iso tun ɗazu, saura ƙaramin saƙon. Ƙarfe biyu zan tayar, in na yi kirki in ƙara minti goma. Fiye da haka fasinjoji za su cinye ni ɗanye."

"Yana zuwa, Misye Michel. Useko, mun gode."

Ƙarfe ɗaya da kwata. Daga gidan zuwa tasha tafiyar minti ashirin ce a babur, in 'yan sanda ba su tare gada ba. Bayan katanga Fatime ta koma daka, yau kamar gero bai ƙarewa a gidan Adoum. Sulaimanu ya tsaya yana sauraren taɓaryar. Ya tuna rumfarsa, da mutanen da ke layi da yamma, da yadda zancen zai riga shi isa kasuwa gobe. Sai kuma ya ga wautar kansa ƙarara: yana ta ɓoye ciwon don kada a guji rumfa, alhali in muryar ta tafi ba ɓoyon da zai yiwu, huda a wuya ba ta shiga aljihu.

Ya taɓa kafaɗar Kaltumi. "Gaya mata."

"Duka?"

"Duka. Da sunansa."

"Maigida, Fatime fa na nan."

"To ki ɗaga murya da kyau, kada ta ji rabi ta ƙarasa da nata."

Kaltumi ta gyara ɗaurin zani. Mace ce mai kunya, ko a biki ba a jin muryarta, kuma wannan suna ne da mutane ba sa son furtawa ko a raɗa, sai dai su ce ciwon nan. Ta durƙusa, ta dafa kafaɗar surukarta, ta rufe ido.

"Hajja! Ba belu ba ne! Sankara ce! Sankara ce a maƙogwaronsa!"

Taɓarya ta tsaya cak a bayan katanga. Har kajin gidan sai da suka ɗaga kai. Hannun Hajja ya tsaya a cikin faifai da ganye ɗaya tsakanin yatsu.

"Tun yaushe?" ta ce.

"Wata biyar da fara dushewar! Mako uku da aka gane!"

"Kuka ce mini belu." Ta ajiye ganyen. "Ina daga cikin ɗakin can ranar suna, ina jin kukansa da wanzami ya cire masa belu. Tamanin na yi a duniya ban taɓa ganin ya tsiro wa kowa ba. Na san ƙarya kuke yi, gaskiyar ce ban sani ba. Na ce bari in zauna in ga iya gudun ruwanku."

Sulaimanu ya sunkuyar da kai. Kunya ta rufe shi, ga furfura ga jikoki, an kama shi kamar wanda ya saci ƙuli-ƙuli.

"To shi ɗan naman me zai yi musu?"

Kaltumi ta ja numfashi. Yanzu da mai wuyar ta fita, sauran ya zo da sauƙi, har unguwa ta samu darasin da ba ta biya ba. "Za a kai Yawunde! Za su duba kunnuwan ciwon!"

"Ciwon ne da kunne?"

"Haka likita ta ce! Da su yake jin a girma! In suna da yawa, mai saurin girma ne! Da wannan za su san ko a gasa shi a bar masa murya, ko a cire muryar duka! Motar ƙarfe biyu za ta tashi!"

"Ikon Allah," in ji Hajja. "Ni biyu gare ni sun ƙi aiki, shi ya tara da yawa yana ɓarna da su." Ta miƙa hannu. "Ba ni fartanya."

Sulaimanu ya yi wuf ya ɗauko, ya tsaya yana jiran a nuna masa wurin da zai sara. Ba ta nuna ko'ina ba. Ta ajiye faifai, ta dafa tsamiya ta miƙe, ta sa ƙafa ta janye buzun da take zaune a kai tun asuba. Ga shi nan, ɗan da'irar sabuwar ƙasa, an daddanna ta da tafin hannu.

"Hajja!" Kaltumi ta ce, wannan karon ba don a ji ba. "Ashe a kansa kike zaune!"

Ya matso zai sara, ta karɓe fartanyar ta hannun Kaltumi. Ita ta rufe, ita za ta buɗe. Ta durƙusa ta yi bismilla, ta kankare saman a hankali, sa'an nan ta ajiye ƙarfen ta ci gaba da yatsu. Ramin ya kai kamu ɗaya. Kaltumi, da bakinta ya riga ya buɗe yau, ta sunkuya ta tambaye ta me ya sa nan, duk faɗin gidan.

Hajja ba ta ɗago ba. "Sauran nasa ma nan yake," ta ce wa ramin. "Cibiyar. Ina zan kai wannan ya zauna shi kaɗai?"

Sulaimanu ya dubi wurin. Tun tasowarsa a nan take shimfiɗa buzu. An yi mata rumfa ta ƙi, an sayo mata kujera ta ba baƙi, da rani in inuwa ta gusa sai ta ja mayafi ta rufe kai ta ci gaba da zama, kowa na cewa taurin kai ne irin na tsofaffi. Shi kansa ya sha faɗa. Matar da ba ta taɓa kiran sunansa ba, ashe shekara hamsin da bakwai tana gadinsa. Ya juya baya yana gyara hular da ba ta karkace ba.

Ta ciro shi. Ashe ta naɗe ledar da farin ƙyalle sabo, ta ɗaure da zare sau uku. Ta kakkaɓe ƙasar, ta miƙa wa Kaltumi, Kaltumi ta kwance ta duba. Kakin na nan garau, sanyi ƙalau, ɗan tsinken naman na kwance a tsakiya ba abin da ya dame shi. Ambulan ɗin ne kawai babu, Hajja ta ce ta kunna wuta da shi, takarda ai ba jikin kowa ba ce. Allah ya sa takardar likita na aljihun Sulaimanu.

"Ki gaya masa aro na ba su," in ji Hajja. "In sun gama duba kunnuwansu su dawo mini da abina."

"Za a gaya musu!"

Ƙarfe biyu saura ashirin da biyar. Kaltumi ta fita da gudu ta tsayar da ɗan babur a ƙofar gida, tana fita ta yi kiciɓis da Fatime a bakin zaure, da taɓarya a hannu da hawaye shaɓe-shaɓe. Sulaimanu ya mayar da ƙyallen ya naɗe, ya sa cikin hula ya kifa a kai don kada rana ta gan shi, sai ya tuna zafin kan nasa, ya ciro ya riƙe a hannu cikin inuwar babbar riga. Ya durƙusa zai yi sallama.

Hajja ta koma ta zauna a bakin ramin, tana tattara ƙasar da tafin hannu. Ta jira har Kaltumi ta dawo, don ba ta da wanda za ta ba saƙo.

"Ki gaya masa," ta ce, "in sun duba suka ce a gasa, a gasa. In kuma suka ce sai an cire, kada in ji ya tsaya yi musu gardama saboda murya, na san halinsa. Shekara bakwai rabona da jin muryar nan, kuma ba ranar da ya shigo gidan nan ban sani ba. Ya bar musu ita, ya dawo mini da sauran."

Kaltumi ba ta maimaita ba, ba ta ma iya ba. A waje ɗan babur na ta danna oda. Sulaimanu ya buɗe baki ya ce to, Hajja, ba abin da ya fito sai iska.

"Madalla," in ji tsohuwar, idonta na kan ramin. Ta jawo buzu ta rufe shi yadda yake, ba ta cike ba, ta ɗauki faifan yakuwarta.